Yaranmu suna rera "parts of speech" kamar waƙa amma ba sa gane su a cikin jimla

Malam Edita,

Assalamu alaikum, barka da aiki, ya fama da jama'a. Don Allah ina neman ɗan fili a jaridar nan tamu in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma na san ba ni kaɗai ba ne, duk malamin Turancin da ke tsayawa gaban allo a ƙasar Hausa ya san zancen nan sai dai in bai faɗa ba. Ni malamin Turanci ne a wata sakandaren gwamnati a nan Zariya, shekarata 17 ina riƙe da alli, da yamma kuma ina ɗan yi wa masu shirin WAEC da NECO da JAMB lesin a zauren gidanmu.

A zangon karatun da ya wuce na shiga ajin SS2, yara sun haura tamanin, wasu a benci wasu a ƙasa wasu sun ɗare taga, na ce wa zai faɗa min mene ne "noun". Kafin in rufe baki ajin gaba ɗaya ya ɗauka da murya ɗaya har da ƙari kamar ana biya allo, sunan mutum ko dabba ko wuri ko abu, da Turanci tar ba gargada. Na ce "verb" fa, suka ce "doing word". Haka muka bi azuzuwan kalmomi takwas ɗin nan da ake kira "parts of speech" kaf ba wanda suka yi tuntuɓe a kai. Sai na juya na rubuta a allo: "They water the garden every evening." Na ja layi a ƙarƙashin "water" na ce wannan fa wane ne a cikin takwas ɗin? Duk suka ce "noun". Na ce dalili? Wani yaro a gaba ya ce Malam ai ruwa ne, ruwa kuwa abu ne. Na ce to madalla, in haka ne ina "verb" ɗin jimlar? Aji ya yi tsit. Wani ya ce "every", wani ya ce "garden", ana ta lalube a duhu. Can sai wata yarinya daga baya, wacce ko magana ba ta cika yi ba, ta ce a hankali, Malam kamar fa ban ruwa suke yi wa lambun. Wallahi Malam Edita sai da na ji tsigar jikina ta tashi, don amsar kenan, kuma da Hausa ta zo mata, ita kaɗai ce ta daina tambayar kanta mene ne "water" ta koma tambayar me ke faruwa a jimlar.

To abin da nake son faɗa kenan. Kalmar Turanci ba ta da aji sai ta shiga jimla, a jimlar ne za ka ga aikin da take yi, amma mu tun daga firamare haddar ma'ana muke ɗora yara a kai, mu ba su jerin kalmomi a ƙarƙashin kowane aji kamar an zuba kaya a kwando, "water" ta faɗa kwandon suna shi kenan ta zauna har abada. Yaro ya yi shekara 12 a makaranta yana maimaita abu ɗaya, ranar da aka ce ya nuna shi a rubutu sai ido ya raina fata.

Misalin da na fi so in ba ɗalibaina shi ne "fast", don kowa ya san azumi. "We fast in Ramadan", a nan aikatau ce, wato "verb", muna azumi. "He broke his fast at sunset", a nan suna ce, azumin nasa ne ya buɗe. "A fast car", ta koma sifa, mota mai gudu. "He runs fast", ta zama bayanau, wato "adverb", tana faɗa mana yadda yake gudun. Harufa huɗu ne ba su canza ba, aiki huɗu daban. Haka "well", rijiya ce a wani wuri, a wani wurin kuma "she reads well", a wani wurin "I am well". Ka gaya min yaron da ya haddace jeri ta yaya zai fita a nan.

Kuma abin da ke ba ni takaici shi ne wannan abin ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe, a bakinmu yake kullum. Ɗauki "baya". In na ce bayana yana ciwo, suna ne, sashen jiki. In na ce zan zo bayan sallah, ya tashi daga jiki ya koma nuna dangantakar lokaci. In na ce bayan da ya zo muka ci abinci, yanzu haɗa zance biyu yake yi. In na ce ya zo daga baya, bayani yake yi a kan zuwan. Haka ciki da cikin ɗaki, kai da kan tebur, baki da bakin kogi, gaba da gaban sarki. Yaro ɗan shekara 5 yana juya waɗannan ba ya kuskure ko sau ɗaya. To "after" ta Turanci kusan tafiyarsu ɗaya da "bayan", "after lunch" ga suna yana biye da ita don haka "preposition" ce, "after he came" ga cikakken zance da mai aiki da aikinsa yana biye da ita don haka "conjunction" ce wato mahaɗi, "he came soon after" ba abin da ke biye da ita don haka "adverb" ce. Ranar da na jera musu waɗannan gefe da gefe, Hausa a hagu Turanci a dama, wani yaro ya ce Malam dama abin kenan? Na ce dama shi kenan. Shekara nawa yana jin tsoron abin da yake yi tun yana goye.

Ni kaina ba a kwalejin horon malamai na fara gane wannan ba, a zaure na gane shi. Muna yara mahaifinmu ya kai mu wajen wani malami a cikin birni muna karanta Ajurumiya bayan magariba, littafin nahawun Larabcin nan na Ibn Ajurrum mutumin Fas ta Maroko wanda ya rasu a 1323, ƙaramin littafi ne amma har yau ana karanta shi a zaurukanmu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda ya kasa magana gida uku, isimi wato suna, da fi'ili wato aikatau, da harafi, sannan bai tsaya dogon bayanin ma'ana ba sai ya ba ka alamomin da za ka gane kowanne. Isimi za ka gane shi da karɓar wasalin ƙasa da tanwini da shigar alifi da lam da zuwa bayan haruffan jarra irin su min da ila da fi. Fi'ili za ka gane shi da ƙad da sin da saufa da ta'un mace mai ɗauri. Harafi kuwa shi ne wanda alamar wannan ba ta hau shi ba ta wancan ma ba ta hau shi ba. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, sai ya jefo kalma ya ce ku gwada mata alifi da lam, ta karɓa? In ta karɓa isimi ce, a wuce. Ba gardama ba hasashe, gwaji ne kawai kamar mai awo ya ɗora a sikeli. Shekara kusan 700 da wannan dabarar, tana nan a unguwanninmu, amma in yaro ya sa yunifom ya shiga ajin Turanci sai mu ajiye ta a bakin ƙofa.

Alhali Turancin ma yana da alamominsa. Suna yana karɓar "the" ko "my" a gabansa, galibinsa kuma yana karɓar jam'i, ka ga kusan aikin alifi da lam ne. Aikatau kuwa gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka canza lokacin jimlar, ka mayar da ita jiya ko gobe, kalmar da ta motsa ita ce. "They water the garden", mayar da ita jiya, "They watered the garden", mayar da ita gobe, "They will water the garden", wa ya motsa? Shi kenan an kama ta, kuma wannan "will" ɗin ai aikin sin da saufa take yi. Wannan gwajin ya fi "doing word" nesa ba kusa ba, domin "is" da "have" da "know" da "seem" ba wani aiki da ake gani ana yi a cikinsu amma duk aikatau ne, kuma "arrival" da "destruction" aiki suke nunawa amma sunaye ne, yaron da ya riƙe "doing word" zai faɗi ta nan ya faɗi ta can. Sifa tana zama tsakanin "the" da suna, tana zama bayan "is", da yawanta tana karɓar "very". Bayanau yana amsa yaya, yaushe, a ina, kuma sau da yawa za ka iya ɗaga shi daga ƙarshen jimla ka kai shi farko jimlar ba ta rushe ba.

Akwai wata gajeriyar hanya da ake koya wa yara wacce ta hallaka da yawa, wai duk kalmar da ta ƙare da "ly" to "adverb" ce. Na sha ganin wannan a littafin rubutun yara an sa musu maki an yi tik da jan biro. To "friendly" fa, da "lovely" da "lonely" da "ugly" da "holy", duk sifofi ne. "Family" da "assembly" da "July" sunaye ne. "Apply" da "reply" da "supply" ana amfani da su a aikatau. Sannan ga "fast" da "hard" da "late" da "soon" suna aikin bayanau ba tare da wani "ly" ba. Akwai yaron da na sa su rubuta wasiƙa a kan mahaifinsu, yana son ya ce babansa yana aiki tuƙuru, manomi ne mai ƙwazo na san shi, sai ya rubuta "my father hardly works", don an ce masa in kana son bayanau ka liƙa "ly". Bai san ya ce babansa da ƙyar yake taɓa aiki ba. Da na fassara masa da Hausa sai da idonsa ya kawo ruwa, ya ce Malam wallahi ba haka nake nufi ba. Na ce na sani, kuma ba laifinka ba ne, abin da aka ba ka ne ka kawo.

Wani abin kuma da ya kamata malamin Turanci a nan Arewa ya sani shi ne kuskuren yaranmu ba na wauta ba ne, yana da asali, Hausar ce ke magana a ƙarƙashin Turancin. In yaro ya rubuta "Audu he went to market" ai "Audu ya tafi kasuwa" ya ɗauko ya juye, domin a Hausa ko ka ambaci sunan mutum sai ka kawo wannan "ya" ɗin, kuma a kanta lokaci yake zama, ya tafi, zai tafi, yakan tafi, aikatau ɗin yana nan yadda yake ƙaramar kalmar gabansa ce ke canzawa. Turanci kuwa a jikin aikatau ɗin kansa yake sa alamar, "go" ta zama "went", "walk" ta zama "walked". In ba ka nuna wa yaro wannan bambancin ƙarara ba zai ta neman lokaci a inda babu shi, kai kuma kana ta jan layi da jan biro kana cewa yaran yanzu ba sa ganewa.

Haka maganar sifa. Hausa sifofinta na asali ba su da yawa, babba, ƙarami, dogo, gajere, fari, baƙi, ja, sabo, tsoho da 'yan uwansu, sauran da "mai" muke gina su a kan suna, mai kyau, mai zafi, mai tsada, ko mu ce yana da kyau. Shi ya sa in ka tambayi yaro "beauty" zai ce kyau, "beautiful" ma zai ce kyau, sai ya rubuta "she is beauty". Mu yunwa muke ji, suna ce, Bature kuwa cewa yake "I am hungry", sifa ce, daga nan ake samun su "I am feeling hungry" da daidai ne da kuma "hungry is catching me" da ba daidai ba. Amma da zarar ka ce wa yaro wannan "ful" ɗin da ke wutsiyar kalma aikin "mai" take yi, "less" kuma aikin "marar" take yi, "useful" mai amfani, "useless" marar amfani, "careful" mai kula, "careless" marar kula, wallahi sai ka ga fuskarsa ta washe. Ka ƙara masa da cewa "er" ita ce "ma" ɗinmu ta manomi da marubuci da maɗinki, "farm" ta ba da "farmer" kamar yadda noma ya ba da manomi, "hood" da "ship" kuma su ne irin yaro da yarinta, aboki da abota. Cikin darasi ɗaya yaro ya samu mabuɗin ɗaruruwan kalmomin da bai taɓa gani ba.

Har kalmomin da muka ara ma darasi ne. Me ya sa muke cewa na yi fakin, ya yi min filashin, ta yi bulokin ɗina, ban yi cajin waya ba? Me ya kawo "yi"? Saboda mun ɗauko su ne a matsayin suna, kamar yadda muke cewa yi barci, yi dariya, yi magana. Wannan "in" ɗin ta ƙarshen fakin ai "ing" ce. To ga bayanin abin da suke kira "gerund" a saukake, abin da ke ba 'yan SS3 ciwon kai, "Parking is not allowed here", "Reading is good", kalmar ta yi kama da aikatau amma kujerar suna ta hau, daidai da mu ce karatu yana da daɗi ko tafiya ta yi nisa. Sannan su "off the light" da "on the fan" da duk Najeriya ke faɗa, a hira ba wanda zai tsare ka, amma a takardar jarrabawa "off" da "on" ba aikatau ba ne sai ka kawo "switch" ko "turn", kuma yaron da ya iya gwajin jiya da gobe shi da kansa zai gano haka.

Kada wani ya ce wannan duk surutun malamai ne, maki ne fa tsagwaronsa. A takardar Turanci ta WAEC wajen "comprehension" kusan kullum sai an ciro wani yanki daga cikin labarin an tambayi "grammatical name" ɗinsa da "function" ɗinsa. Abin da ake koya wa yara a wuraren lesin da yawa shi ne in ka ga ya fara da "when" rubuta "adverbial clause of time" ka wuce. To duba nan. "We left when he arrived", wannan haka ne, bayani yake a kan lokacin tafiyar. "I do not know when he arrived", wannan kujerar suna ya hau, shi ne abin da ban sani ba, cire shi ka sa "it" ko "the answer" za ka ga jimlar ta tsaya daram. "I remember the day when he arrived", wannan kuma ranar yake siffantawa. Kalmomi uku iri ɗaya amsa uku daban, kuma masu tsara tambayar sun san da wannan tarkon sarai. Sannan tambayar da ake ba da kalmomi a ce ka kawo wata da za ta maye gurbin kowacce yadda aka yi amfani da ita a labarin, yaro zai san ma'anar sarai amma a ba shi sifa ya kawo suna, ko a ba shi aikatau na jiya ya kawo na yau, maki ya tafi. Irin waɗannan ƙananan asarar ne ke taruwa su sauko da yaro daga C6 zuwa D7, kuma kowa ya san ba kiredit a Turanci ba maganar jami'a, a JAMB ma "Use of English" dole ne ko likita za ka karanta ko Hausa. Ina da ɗalibin da ya ci lissafi da kimiyyarsa duka da kyau, sau uku mahaifinsa yana sayar da amfanin gona yana biya masa kuɗin sake zama saboda Turanci kaɗai.

Abin da ya fi ƙona min rai a cikin ofishinmu na malamai yake. Malamin Hausa yana nan teburinsa na kallon nawa, yana koya wa yaran nan suna da wakilin suna da sifa da aikatau da bayanau da mahaɗi, ni ina koya musu "noun" da "pronoun" da "adjective" da "verb" da "adverb" da "conjunction", da yamma su je Islamiyya a koya musu isimi da fi'ili da harafi. Na taɓa tambayar aji guda mene ne "verb" da Hausa, ba wanda ya ce aikatau, alhali awa ɗaya kafin nan suka fito daga darasin Hausa a kan aikatau ɗin, yana nan rubuce a littafin da ke cikin jakarsu. Abu ɗaya suna uku a kan yaro ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ai duk kanwar ja ce. Laifinmu ne mu malamai, ni ma na yi shekaru ina wuce teburin nan ban taɓa zama mun haɗa darasi ba, sai bara muka fara, shi ya shigo ajina na shiga nasa, kuma mun ga bambanci a gwajin ƙarshen zango.

Amma fa yin hakan ba ya zuwa da sauƙi. Akwai ranar da wani babba ya zo duba aiki ya tsaya a bakin taga ya ji ina bayanin "bayan" da "after", bayan an tashi aka kira ni ofis aka ce an kawo ni in koyar da Turanci ne ba "vernacular" ba, kada a sake ji. Na yi ƙoƙarin in nuna masa littattafan yaran ya ga abin da suka rubuta kafin da bayan, bai ko buɗe ba. A makarantu masu zaman kansu abin ya fi haka, 'yata tana aji 4 a firamare, akwai monita da aikinsa kawai rubuta sunan wanda ya yi Hausa, a ci shi tara ko a sa shi kamun kunne, ta dawo gida tana rera min ma'anar "preposition" da Turanci mai daɗi, na ɗora cokali a kan kofi na ce to ina "preposition" a nan, ta tsaya tana kallona. In ana maganar tsarin ƙasa ma, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 a wancan lokacin cewa ta yi a fara koyar da yaro a shekarun farko na firamare da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Kuma tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka yi gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara 6 na firamare ana ba su Turanci a matsayin darasi, yaran nan ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Mu da Allah ya ba harshen da ake rubuta shi tun kafin zuwan Turawa, ake karanta shi har digiri na uku a jami'o'inmu, mu ne kuma muke cin tarar yaro don ya yi tunani da shi.

Kada a fahimce ni baibai, ban ce a mayar da darasin Turanci darasin Hausa ba. Yaro ba zai iya Turanci ba sai yana jin sa yana faɗa yana karantawa, kuma rashin karatun littafi shi ma babban ciwo ne da ke buƙatar tasa wasiƙar. Minti 5 na Hausa a cikin minti 40 nake magana, a daidai inda ƙulli yake, a kwance shi a koma Turanci. Kuma ban ce harsunan sun yi daidai ta ko'ina ba. Hausa tana da abin da Turanci ba shi da shi, irin su fari fat, ja wur, baƙi ƙirin, da "ne" da "ce", kuma kowane suna a wurinmu ko namiji ne ko mace, shi ya sa yaro ke kiran mota "she" ya rasa inda zai sa "it". Turanci kuma yana da "a" da "the" da ke wahalar da mu har mu manya. Inda suka saɓa ɗin ma faɗa wa yaro za ka yi, nan ne ma ya fi buƙatar a faɗa masa. Ko lambar takwas ɗin da muke rerawa ba saukakkiya ba ce, daga nahawun Girkanci ta biyo ta Latin ta iso Turanci, kuma a jerin Girkawan na farko sifa ba ta da ajin kanta a cikin suna aka sa ta, yanzu kuma littattafai da yawa suna ware su "the" da "this" da "some" su kira su "determiner", shi ya sa yara ke zuwa suna tambayata Malam takwas ne ko tara, wani littafin ya ce kaza wani ya ce kaza. Nakan ce musu ku bar ƙirga, ku nuna min aikin da kalmar ke yi.

Roƙona ga kwalejojin ilimi da ke yaye masu NCE, don Allah wanda zai koyar da Turanci a ƙasar Hausa a tabbatar ya san nahawun Hausa ko da na share fage ne, a nuna masa inda harsunan biyu suka haɗu da inda suka rabu kafin a tura shi aji. 'Yan uwana malamai kuma mu rage ba da "define" a gwaji, mu riƙa ba da jimla muna jan layi, kalma ɗaya a jimla uku. Iyaye ma akwai abin da za ku iya ko ba ku yi boko mai zurfi ba, in yaro ya zo yana rera muku ma'ana ku ce ya buɗe littafin karatunsa ya nuna muku aikatau a layin farko, ya mayar muku da jimlar jiya, sannan ya faɗa muku da Hausa me ke faruwa a cikinta.

Kai kuma Malam Edita, in da hali a ba mu ɗan gurbi ko sau ɗaya a mako, ko rabin shafi ne, a riƙa kawo jimla biyar na Turanci ana warware su da Hausa, masu karatu su turo amsa ta waya a buga ta mako mai zuwa. Akwai malamai da yawa a Zariya da Kano da Katsina da Sakkwato da za su karɓi wannan aikin kyauta, ni dai na sa hannu tun yanzu, kuma jimlolin makon farko suna nan a rubuce a aljihuna, ta farkonsu ita ce ta ban ruwan lambun nan.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin Turanci,
daga Zariya, Jihar Kaduna.